Leberecht, Mai Feɗe Mushen Tannwitz

A ƙarshen ƙauyen Tannwitz, inda hanya ke gangarawa rafi kafin ta miƙe zuwa Leipzig, nan gidan su Leberecht Uhlig yake, shi kaɗai, nesa da maƙwabta. Sana'ar gidan feɗe mushe. Ita ubansa ya yi, ita kakansa ya yi. In saniya ta kumbura ta mutu a garke, ko doki ya faɗi a bakin garma bai tashi ba, babu manomin da zai sa masa wuƙa, don duk wanda ya yi haka ya zubar da mutuncinsa har da na 'ya'yansa. Sai a aika gidan Uhlig. Su zo da amalanke su ja, fata ta tafi wurin majema, kitse a narka, abin da ya rage a binne a bayan gida.

Gari ba ya zaunuwa sai da wannan aiki, amma mai yin sa ba a ba shi hannu. A mashaya kujerarsa daban ce, can bakin ƙofa, kofinsa ma ƙusar da ake rataye shi daban. A coci benci na ƙarshe ne nasa, bayan ginshiƙi. Leberecht bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba, don a haka ya buɗe ido ya ga duniya. Da ya isa aure aka ɗauko masa Rosina daga wajen Borna, ita ma 'yar mai feɗe mushe. Gajera ce, ga baki. Ranar da ta tare ta shaƙi iskar gidan, ta ce ita kam ta ci gaba, gidan ubanta ya fi nan wari.

Akwai abin da kowa ya sani amma ba a faɗa a fili: duk yankin babu wanda ya san cikin doki kamar Leberecht. Mutumin da ya buɗe ɗaruruwa ya san inda hanji ke murɗewa da inda jijiya ke tsinkewa. Saboda haka in doki ya kwanta ciwo, ta hanyar bayan gari ake jawo shi. Abin mamaki kuma, duk da warin 'yan'uwansu da ke jikin rigarsa, dawaki suna natsuwa a hannunsa. Yakan ɗora tafinsa a wuyan doki, ya yi wani ɗan sauti da harshe can ƙasa ƙasa, sai ka ga dabba ta sauke kunnuwa.

Har mai gari, Gottlob Hempel, ya taɓa jawo tasa goɗiyar da sassafe, yana waige-waige.

"Kai, Ɗan-mushe, duba mini ita. Amma kada ka ce na zo."

"Ranka ya daɗe, wa zan gaya wa? Wa ke tsayawa hira da ni?"

Yana da shekara arba'in da ɗaya yaƙin Napoleon ya iso ƙofar gidansa. Shekara bakwai ke nan sojoji na ratsa ƙasar Saxony, yau waɗannan, gobe waɗancan, amma irin na kakar 1813 ba a taɓa gani ba. Faransawa sun kwashe shanu da dawaki, sun cinye dankali tun yana gona, sun ɓaɓɓalle ƙyamare sun hura wuta. Leberecht dai an bar masa tsohon dokinsa mai ido ɗaya, wanda sojoji suka duba haƙoransa suka yi dariya suka wuce. Ruwa kuwa sati biyu yana zuba, gonaki duk sun zama taɓo.

Ranar Alhamis da hantsi aka ce mayaƙan Rasha da na Furusiya da na Ostiriya sun taho daga kudu. Mutanen gari suka ruga coci, don katangarta ta dutse ce. Rosina ta ƙulle burodi da bargo, suka bi sahu. Suna isa suka tarar da Hempel tsaye a ƙofa. Bai kore su ba. Ya dai dubi ciki, ya dube su, ya ce wuri ya matse, amma za su iya zama a baranda.

Rosina ta ce, "Au, ko mutuwar ma sai an zaɓi wanda za a yi ta kusa da shi? Maigida, mu tafi."

Suka koma. Ita ta sauka ɗakin ƙasa inda suke ajiye kabeji, shi kuwa ya hau tudun bayan gida, wanda ƙasar binne mushe ta shekara ɗari ta tara. Duk wannan gefen babu inda ya fi shi tsawo. Don haka cikin mutanen Tannwitz kaf, shi kaɗai ya ga abin da ya faru.

A ƙafarsa ya fara ji kafin kunnensa. Ƙasa ta soma rawa a hankali, ruwan da ke cikin gangar jiƙa fatu ya kama karkarwa. Sa'an nan mahayan Faransawa suka ɓullo kan tudun arewa, sahu bayan sahu, wasu da sulken ƙarfe a ƙirji, wasu da koren riguna, wasu da masu. Ya fara ƙirga dawakin bisa al'ada, ya ga wauta ce ya bari. Daga kudu ma wasu suka taso, ba su da iyaka. Aka busa ƙaho. Tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama sukuwa, taɓo na tashi sama da kan mahaya. Da suka haɗu a gonakin da ke tsakanin rafi da injin niƙa, ƙarar ba ta yi kama da komai da ya taɓa ji ba.

Ya zaci karo ɗaya ne a gama. Ina! Waɗannan su kora waɗancan har bakin igwa, igwa ta buɗe musu wuta, su juyo, sababbi su fito daga bayan tudu su kora su. Haka aka yi ta yi tun kafin tsakar rana har rana ta karkata, ba wanda ya ci wani. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne dawakin da mahayansu suka faɗi. Ba su gudu daji ba. Da an busa ƙaho sai su koma sahu da kansu, su matsa tsakanin 'yan'uwansu, su sake kai hari da sirdi wayam, likkafu na lilo.

Ga kuma idon sana'a da ya kasa rufewa. Duk dokin da ya faɗi kusa, ya san abin da ya same shi da kwanakin da suka rage masa. Wannan ba zai kai yamma ba. Wannan sai gobe. Wancan da ya karye a ƙugu, in ba a taimake shi ba, zai yi kwana uku yana jan jiki.

Gari ya waye ranar Juma'a da hazo. Rundunonin sun ja da baya kowa yana jiran ƙarin mutane, babu harbi ko ɗaya. Sai kuka. Kukan doki mai ciwo ba haniniya ba ce, wani abu ne siriri mai tsawo, kuma yana zuwa daga ko'ina cikin hazon. Leberecht ya ɗauko gudumarsa da wuƙa, ya ɗaura wa tsohon dokinsa amalanke.

Rosina ta tare ƙofa. "Ina za ka? Wa ya aike ka?"

"Ba ki ji ba?"

"Na ji mana. Mutane ma kukan suke yi."

"Mutane akwai masu zuwa ɗaukarsu. Waɗannan ba su da kowa sai ni."

Ta dube shi, ta kauce, ta cusa masa ɓallin burodi a aljihu.

Na farko da ya tarar wani jan doki ne, ƙafafun gaba duk biyu a karye, yana ta ƙoƙarin tashi. Da ya ga mutum ya hau shure-shure. Leberecht ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a wuyansa, ya yi ɗan sautin nan da harshe. Doki ya sauke kunnuwa, ya kwantar da kai a cinyarsa. Sa'an nan ya ɗaga guduma. Haka ya yi wa na biyu, haka na goma. Kowanne ya yarda da shi. Kafin rana ta take, kafaɗarsa ta dama ta mutu, ya koma bugu da hannu biyu.

A wani kwari gefen gonar Hempel ya ga wani mutum. Soja ne mai koren riga, gashin bakinsa da furfura, sa'ansa ne ko ya ɗan girme shi. Ƙafarsa ta hagu na ƙarƙashin wata baƙar goɗiya wadda bayanta ya karye. Duk sa'ad da ta yunƙura sai ta sake murƙushe shi, ya cije baki, amma hannunsa bai bar shafa wuyanta ba. Tun jiya suke a haka.

Da sojan ya ga guduma sai ya yi ihu, ya rungume kan goɗiyar. Ba Faransanci yake yi ba, don Leberecht ya tsinci kaɗan a bakin masu wucewa, ba kuma harshen Rashawa ba ne.

"Bawan Allah, ba za ta tashi ba," in ji Leberecht. "Kuma in ban yi ba, ba zan iya ciro ka ba."

Ya matsa don ya nuna masa inda ƙashin ya karye. Caraf mutumin ya kama hannunsa. Leberecht ya fizga da sauri.

"Kada ka taɓa ni! Mai feɗe mushe ne ni."

Mutumin bai gane ba, bai kuma saki ba. Ya riƙe hannun gam, da jini da taɓo da komai, yana kallon idonsa. Tun da Leberecht ya yi wayo, wani namiji da ba jininsa ba bai taɓa riƙe masa hannu ba. Ya rasa abin yi, sai ya zauna a cikin taɓon. Suka daɗe a haka, goɗiya na nishi a tsakaninsu.

Can sojan ya sake shi. Ya kwance ƙyallen wuyansa, ya rufe wa goɗiyar ido, ya sa baki a kunnenta ya ce, "Malina. Malina." Ya kau da kai. Leberecht ya buga sau ɗaya.

Da igiyar amalanke ya janye ta, ya ɗora mutumin inda yake ɗora mushe, don ba shi da wani abin ɗauka. Rosina ta hango su tun daga rafi.

"Yau kuma mai rai ka kawo mini?"

"Da sauran numfashi."

"To me kake jira? Kama kafaɗa, in kama ƙafa. A hankali, ba saniya ba ce!"

A gadonsu ta kwantar da shi. Da suka yanke takalmin suka ga ƙafar, suka dubi juna. Washegari babban yaƙin ya ɓarke, wanda na Alhamis ashe share fage ne. Kwana huɗu igwa ba ta huta ba, rabin Tannwitz ya ƙone, likita kuwa ko a mafarki. Suka sauke shi ɗakin ƙasa tsakanin kabeji. Rosina na ɗura masa romo da cokali, yana sha kaɗan yana gode mata da ido. Da zazzaɓi ya kama shi, ba abin da yake faɗa sai kalmar nan guda, Malina. Ranar Litinin da la'asar ya cika, ba su san sunansa ba, ba su san ƙasarsa ba.

Leberecht ya haƙa masa kabari a lambu, gindin bishiyar da Rosina ke shanya. Da harbi ya lafa, ya koma kwarin nan ya jawo goɗiyar. Bai feɗe ta ba. Ya haƙa rami kusa da kabarin ya sa ta, da sirdinta.

Rosina ta ce, "Wannan wace irin hauka ce? Matarsa yake kira."

"Goɗiyar yake kira. Ina wurin."

"Mutum zai mutu, ya bar matarsa ya kira dabba? Kai dai duk maza ɗaya kuke."

Shekara ashirin suna wannan gardama, ba wanda ya sauko.

Da sojoji suka wuce, Hempel ya zo, wannan karon ta ƙofar gaba, hularsa a hannu. Gonaki cike suke da gawa, wari ya hana cin abinci, kuma ba wanda ya san yadda ake kawar da irin wannan sai mutum ɗaya. Sati biyar Leberecht na gaba, mazan gari na bin umarninsa. Ya nuna inda za a haƙa don kada ruwan rijiyoyi ya ɓaci, ya nuna zurfin. Da farko sun so ware mutane daban, dawaki daban, amma sanyi na matsowa, hannu kaɗan ne, sai aka riƙa zubawa tare. A waɗannan makonni an ci abinci kusa da shi, an kira shi da sunansa. Zazzaɓi ya biyo baya ya ɗauke kusan mutum ɗaya cikin uku, har da fasto. Da bazara ta zo, waɗanda suka rage suka gyara rufin mashaya, kujerarsa ta koma bakin ƙofa.

A wannan bazarar Hempel ya jawo sabon dokin da ya samo da ƙyar, cikinsa na murɗawa. Leberecht ya ɗora tafinsa a wuya, ya yi sautin. Doki ya sauke kunnuwa. Sai ya ji hannunsa na dama yana tashi sama da kansa, a dunƙule, kamar akwai ƙotar guduma a ciki. Ya ja da baya har ya bugi bango.

"Lafiya?" in ji Hempel.

"Ranka ya daɗe, ka kai shi wurin maƙeri, shi ma yana duba dawaki. Ni na manta."

"Ka manta? Yaushe?"

Leberecht ya juya ya shige gida. Daga ranar bai sake taɓa doki mai rai ba, sai nasa tsohon, shi ma ba ya yi masa sautin.

Sai kuma ƙasa. Da rana tsaka, yana cikin aiki, sai ya ji ta fara rawa a tafin ƙafarsa. Ya tsaya cik, ya dafa abin da ke kusa. Rosina ta gaji, wata rana ta ɗebo ruwa a kwano ta dire a gabansa.

"Duba. Ko motsi yana yi?"

"Ba ya yi."

"To?"

"Na gani, Rosina."

Amma bai saki ƙyauren ba sai da abin ya wuce. Sau ɗaya tak ya gaya mata cewa in hazo ya sauka da safe, yakan ga dawakin nan jere a kan tudun arewa, sirdi wayam, suna jiran a busa ƙaho. Ba ta yi masa tsiya ba ranar. Ta dai sa shi ya matsar da itacen girki gefen kudu, don kada ya riƙa fita ta can.

Shekara goma sha shida bayan yaƙin, wani ɗan kasuwa mai suna Zenker ya zo daga Leipzig da takalma masu sheƙi. Ƙasusuwa yake saye. Ana niƙa su a yi taki, a kai ƙasashen waje. Damina biyu ba a sami amfani ba, don haka mutanen gari suka yarda a tono waɗanda aka binne a gonakinsu. Sai dai garma ta daɗe da shafe alamun ramuka, masu haƙar da yawa sun mutu, wanda ya san su duka mutum ɗaya ne.

Zenker ya tsaya a bakin shinge, ƙyalle a hanci. "Baba, na dawaki kawai muke so."

"Yallaɓai, ni na zuba su. Ba a ware ba."

"In an niƙa, wa zai bambance?"

Leberecht ya dube shi. Sa'an nan ya ce ya tsufa, kansa ba ya riƙe abu.

Wannan bai hana komai ba. Zenker ya jira hatsi ya fitar da kai, ya hau tudu ya duba. Duk inda shuka ta fi tsawo ta fi duhu, alamar akwai rami a ƙarƙashi, ya sa aka kafa sanda. Bayan girbi aka fara haƙa. Hanyar Leipzig kuwa ta ƙofar Leberecht ta bi, saboda haka wata uku amalanke na wucewa ta gabansa suna ƙwaram-ƙwaram. Yakan zauna a dakali yana kallo, leɓensa na motsi. Rosina ta matso wata rana ta ji abin da yake faɗa.

"Doki. Doki. Mutum. Doki."

Wani daga cikin masu haƙar ya ƙetaro shinge da sandar ƙarfe yana soka ƙasa a lambu, don ya ji an ce akwai wani abu a nan. Rosina ta fito da tukunyar kitse mai tafasa a hannu, ta ce in ya ƙara taku ɗaya sai uwarsa ta kasa gane shi. Ya bar sandar a nan, ita ta riƙa tokare igiyar shanya da ita.

Da amalanken ƙarshe ya wuce, aka cike ramuka, aka yi huɗa a kai. Bayan 'yan makonni Rosina ta lura ya daina tsayawa yana dafa bango.

"Maigida, har yanzu tana rawa?"

"Ta daina."

"To mun gode Allah."

Ta dubi fuskarsa, ta ga ba ta wanda aka sauke wa kaya ba ce. Tun daga lokacin ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Kullum rana ta take, sai ya ajiye abin da yake yi, ya ƙetare rafi, ya je tsakiyar gonakin ya tsaya, kai a sunkuye, kamar mai sauraron magana daga nesa. Manoma suka saba ganinsa, har suka riƙa sanin lokacin cin abinci da fitowarsa.

Rosina ta riga shi da shekara biyu. Ba su bar ɗa ba, sai 'ya ɗaya da ke aure can nesa. Sana'ar ta koma hannun wani daga garin gaba. Shi dai bai fasa fitarsa ba, ko ana ruwa.

A watan Maris na shekararsa ta sittin da huɗu, ƙanƙara ta fara narkewa, wani manomi ya fito duba gona ya hango shi zaune, ya jingina da dutsen iyaka. Ya yi masa magana daga nesa, bai amsa ba. Da ya matso sai ya ga ya riga ya sanyaya. Ya cire takalmansa ya jera su a gefe, tafin ƙafafunsa biyu a shimfiɗe kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Manomin ya daɗe tsaye, sa'an nan ya cire hularsa, ya juya ya tafi gari ya faɗa.